Mai Rabon Watanda

A ƙauyenmu, kusa da Kore Mairuwa, ba a yanka saniyar watanda sai mahaifina yana wurin. Magidanta su haɗa hannu su sayi dabba, shi kuma ya kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa babu gardama. Gonarsa ba ta da faɗi, ba shi da sarauta. Wannan amanar ce kaɗai yake taƙama da ita.

Wata damina, rumbuna sun ƙare kuma hatsi bai nuna ba, sai ga masu bincike daga Yamai. Suka ce wani wasa za a yi, don su gane yadda talaka ke yanke shawara. A shigar da magidanci bayan zana shi kaɗai, a ba shi gero, a ce ya raba yadda ya ga dama tsakaninsa da wani mutumin wani gari da ba zai taɓa sani ba. Suka rantse babu mai jin abin da ya zaɓa.

Ba na cewa ƙarya suka yi. Amma wace zana ce a garinmu ba ta da ido?

A lokacin kwaɗon tafasa muke kwana da shi. Inna tana goyon ƙanwata, nono ya ƙafe, yarinyar ko kuka ba ta iyawa sosai. Baba ya shiga bayan zanar, ya fito da geron duka. Ko ƙwara bai bar wa baƙon ba.

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Da kunnena na ji wani yana cewa a ƙofar masallaci, "Ashe in babu ido, haka rabon mutumen ga yake." Har yau raina yana ɓaci in na tuna, don na san da yawa cikin masu dariyar abin da suka yi ke nan. Laifi tudu ne. Su babu wanda ya damu ya leƙa su, sai shi.

Masu binciken suka rubuta abin da suka rubuta, suka shiga motarsu. Mu muka sha kunu, ƙanwata ta farfaɗo.

Jajibirin ƙaramar salla Baba ya wasa wuƙarsa tun da safe, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana jiran a kira shi rabon watanda. Rana ta take, babu wanda ya zo. Can sai maƙwabcinmu ya yi sallama da kasonmu a kwano, ya ajiye, bai yarda sun haɗa ido ba.

Na so a ce an cuce mu a rabon, ko Baba ya samu abin faɗa. Ya jawo kwanon, ya juya tsoka, ya duba ƙashi, ya duba hanta da tumbi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa Inna.

"Ɗauki ki dahwa," ya ce. "An raba daidai. Ashe ko ba ni ana iyawa."