Riskuwa Mai Rabon Ruwa

Riskuwa mutumin Ambursa ne, a hannun mahaifinsa ya koyi haƙar rijiya. Ko da ya girma, manoman rani sun koma rijiyar bututu wadda ake jona wa inji, sai ya koyi wannan ma. Daga fadamar garinsu har gefen Argungu, da wuya ka ga gonar shinkafa ko ta albasa da bai taɓa kafa wa bututu ba. Ba shi da yawan magana. In ya gama aiki, ya wanke ƙafa da ruwan da ya fito, ya hau babur ya tafi.

Shekarun nan damina ta rikice. Ta zo a makare, ta zuba gaba ɗaya, ta ɗauke. Da rani ya yi nisa sai gulbin Rima ya koma rairayi da 'yan kududdufai, ruwan ƙasa ya ƙara nisa, injuna su yi ta jan iska.

Ranin bara rijiya ɗaya ce ta rage da ruwa a ɓangarensu, ta gonar wani dattijo, Malam Atiku. Manoma suka taru, suka yarda a riƙa ban ruwa daga ita bi da bi, Riskuwa ya yi rabo. Ya duba, ya ga ruwan ba zai ishi kowa ba. Kafin ya kai gonakin nesa, ƙasa ta shanye rabinsa a hanya. Sai ya ce a bar na nesa. Cikinsu har da gonar ƙanensa Sunusi.

Sunusi ya same shi a bakin inji.

"Yaya, ni ma ina cikin waɗanda anka yanke?"

"Kana ciki."

"Shinkafata ta yi ciki fa. Kaɗan ya rage mata."

"Ruwan ba ya kaiwa wurinka, Sunusi."

"Kai ka haƙa min rijiyata."

"Ni na haƙa ta," in ji Riskuwa.

Sunusi bai ɗaga murya ba. Ya juya ya tafi. Shinkafarsa ta yi ja, ta kwanta, daga baya ya bar makiyaya suka saki shanu a ciki. Ya sayar da injinsa, ya kwashe matarsa Nuriyya da yara zuwa Nasarawa a Birnin Kebbi, ya kama kabu-kabu.

Na kusa da rijiya sun girbe. Suka haɗa wa Riskuwa shinkafa, ya aika da buhu gidan ƙanensa. Nuriyya ta aiko da godiya. Daga Sunusi bai ji komai ba. In sun haɗu wurin suna ko jana'iza sukan gaisa, su tambayi iyali, shi ke nan.

Wata rana Khadijatu matar Riskuwa ta kawo masa abinci, ta zauna.

"Malam, abin Sunusi yana damunka ne?"

Riskuwa ya wanke hannu.

"Ban sani ba," ya ce, ya jawo kwano.

Bana ruwa ya ƙara ja baya, manoma suka sake kiransa. Bai ce a nemi wani ba. Ya zaga gonakin, ya faɗi inda ruwa zai tsaya, wannan karon har da rabin albasarsa shi kansa a waje. Wasu suka yi ta faɗa, wani ma ya zage shi. Ya saurare su har suka gaji, sannan ya sunkuya ya tayar da inji.