Waken da Aka Samu a Cikin Baba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskar mahaifiyata, amma ba zan taɓa manta ranar da aka kira ni ɗakin da ake buɗe gawa ba.

A lokacin ni baiwa ce, ubangidana ya tura ni dafa abinci a wani asibiti a nan birnin Salvador, can ƙetaren teku daga ƙasar Hausa, inda ɗaliban likitanci ke zuwa koyon aiki. Wata cuta ta addabi gari: ƙafafu su kumbura su mutu, daga nan numfashi ya gagara. Malamin ɗaliban yana zargin abinci ne, sai ya ware majiyyata a ɗaki guda, ya ce kada a ba su komai sai farar shinkafa, garin rogo da busasshen nama, komai a aune, ya ga yadda za ta kasance.

Cikinsu akwai wani tsoho Bahaushe da ya ƙare ƙarfinsa wajen jan taru a bakin tekun Itapuã. Da shi kaɗai nake Hausa. Kullum sai ya riƙe bakin zanena ya ce, "'Yata, wake. Jikina wake yake kira."

Na yi ta ƙi, daga baya na fara ɓoye waken da na dafa wa kaina a ƙarƙashin shinkafa, ina ba shi da maƙwabtansa huɗu. Wata safiya ya cinye, ya dube ni ya ce, "Gobe ni zan faɗa musu."

"Baba, ka rufa min asiri! Gonar rake za a sayar da ni."

Murmushi kawai ya yi. Kafin la'asar ya cika.

Washegari da hantsi aka ce malam na nemana. Ɗakin sanyi ƙalau duk da ranar da ake ƙwallawa, ga kwalabe jere da abubuwan da ban so na gane ba. Baba na kwance a kan teburin dutse, an rufe shi zuwa wuya, fuskarsa ta karkato wajen ƙofa, ido a buɗe, murmushin nan na jiya bai gushe ba. Malam ya turo min wani ƙaramin kwano. Wake ne a ciki da aka ciro daga cikin Baba, guda-guda, domin ba shi da haƙori.

Malam ya tambaye ni wa kuma na bai wa. Na so in yi ƙarya, amma idon nan yana kaina. Na faɗa.

Malam ya ja ɗalibansa zuwa ɗakin majiyyata, ya bi su ɗaya-ɗaya yana danna musu ƙwauri da yatsa. Kowa sai wurin ya loɓa, ban da mutanen nan huɗu. Biyu ma har suka taka da ƙafarsu. Baba ne kaɗai waken ya iske a makare.

Daga ranar aka sa wake a kwanon kowa. Ba a dake ni ba, ba a kuma gode min ba.

Yanzu na tsufa, amma har yau ina tuna makonnin da na yi ina ce masa a'a saboda tsoro. Na koyi cewa in marar lafiya ya faɗi abin da jikinsa ke nema, a saurare shi tun yana da bakin faɗa.