Ranar da Anka Kai Kujerar Inna Gulbi

Ku bar hayaniya haka nan, ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani.

Ni ɗiyar dukawa ce daga Gwandu. Ubana yana jima, yana ɗinkin fata, tun ban fi tsayin turmi ba nake daka masa bagaruwa. Anka kai ni aure Kalgo, gidan manoman shinkafa, a shekarun da Nasara sunka zauna Birnin Kebbi har mutane sunka daina gudu in sun gan su. A gidan akwai mijina, akwai wansa wanda ke riƙe da gida tun rasuwar ubansu, akwai kuma uwarsu, wadda nake ce wa Inna. Inna ta faɗi a bakin rijiya kafin zuwana, ƙugunta ya goce, bai koma daidai ba. Gadon kara na cin ta, tabarma na cin ta. Sai dai ta jingina da bango tana nishi, kwana da kwanaki ba ta samun barcin kirki.

Wata rana da kaka mijina ya kai shinkafa Birnin Kebbi, sai ga shi ya dawo da maza huɗu ɗauke da wani abu a ka. Doguwar kujera ce ta fata, mai majingina da hannuwa biyu, mutum uku sai su zauna ba matsi. Wani Bature ne anka ɗauke shi zuwa wani gari, ya bar wa kukunsa ita, kukun kuma ya ba mijina a kan tunkiya ɗaya. Ta yi funfuna, ta yi tabo, hannun hagu ya yage, kuɗin cizo sun cika bakin ɗinki. Matan gida sunka yi ta dariya, wai an ba da tunkiya mai rai an karɓo mushe.

Ni dai na ɗora tafina a kanta, na matsa, na shinshina. Kirgin saniya ne, an jeme shi jima mai kyau. Ƙishirwa kawai yake ji.

Na sa anka shigar da ita rumfa, inda rana ba ta kai. Na ɗora ƙafafunta huɗu a kan duwatsu saboda gara. Kwana uku ina bin ɗinki da tsinke ina fid da kuɗin cizo, ina yi mata hayaƙi ta ƙasa. Sannan na jiƙa tsumma, na matse shi har ba ya ɗiga, na bi ta taƙi-taƙi, in goge nan, in bi da busasshe, kafin in matsa gaba. Da ta sha iska na karɓo man shanu wurin wata Bafulatana da ke kawo mana nono. Ban shafa shi ɗanye ba, don ɗanye wari yake yi, ya kira tururuwa da ɓera. Na soya shi, na tace, na bar shi ya huce. In lakato kaɗan, in murza a tafina ya yi ɗumi, in shafa ina kewayawa. In bar ta kwana uku ta sha, in ƙara. Haka har wata ya mutu. Fatar nan ta yi laushi kamar kuncin jinjiri, ta ɗauki launin dabino.

Ranar da munka kama Inna munka ɗora ta, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, ta ce, "Ɗiyata, ashe ƙashin nan ya iya yin shiru." Da hantsi ne, amma kafin in ɗauke ƙwaryar mai ta yi barci, ba ta farka ba sai la'asar. Daga ranar ta koma cin tuwo a zaune. Ta koma kaɗi. Har faɗa ta koma yi wa awaki.

To, sai maƙwabta sunka fara zuwa ganin kujera, magana ta fita waje. A ƙofar masallaci anka riƙa zolayar wan mijina, wai gidansu sun zama Turawa, saura a kawo musu cokali. Shi kuwa mutum ne da ba ya ɗaukar dariya. Ya dawo ya ce fatar alade ce, kuma karen Bature ya kwanta a kai, ba za a bar uwarsa tana salla kusa da ƙazanta ba sai an wanke kujerar a gulbi.

Kun san mace ba ta tsayawa gaban wan mijinta ta yi masa musu. Ko sunansa ba na kamawa. Sai na bi hanya, na gaya wa mijina ya kai masa. Na ce fatar alade ƙofofin gashinta uku-uku suke, ubana ya taɓa nuna mini ƙyalle don in san abin da ba a saye, wannan kuwa a duba a gani. Na ce in don kare ne, babu inda ruwa bai taɓa ba a jikinta, da hannuna na bi. Na ce jemammen kirgi mai ciko a ciki ba a tsoma shi. In ba a yarda da ni ba a aika Gwandu a tambayi ubana.

Mijina ya tafi ya dawo kansa a ƙasa. Amsar da ya kawo ita ce, "Yanzu ɗiyar dukawa ce za ta koya mini tsarki?" Amma ya ce mini in kwantar da hankalina, magana ta wuce.

Da bazara ƙanwata ta haihu, na tafi Gwandu suna. Na ce kuma zan karɓo jar fatar akuya wurin ubana in ɗinke hannun nan da ya yage. Kwana tara na yi.

Tun daga ƙofar gida na ji wari. Kujera na tsakar gida, cikin rana tsaka, a kife. Ashe kwana ɗaya da tafiyata maza sunka ɗauke Inna sunka ajiye a tabarma, sunka kai kujera gulbi, sunka danna ta cikin ruwa da duwatsu. Sunka dirje ta da soso da ruwan toka. Ruwan toka, jama'a, abin da majema ke zuba wa ɗanyar fata don gashi ya zube. Sannan sunka shanya ta a rana yadda ake shanya shinkafa. Fata ta ƙanƙance, ta tsinke ɗinki, ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Gashin doki da audugar rimin da ke ciki kuwa ba su bushe ba, sun ruɓe.

Na tambayi matan gida wa ya ɗauka. Sunka ce maza huɗu, kuma mijina ne ya riƙe ƙafar gaba.

Ban ajiye kayana ba. Na wuce zaure, inda wan mijina ke zaune da baƙi, na tsaya a tsaye, ban durƙusa ba. Na ce, "Yaya, ka san shinkafa, ban taɓa gaya maka ranar shuka ba. Ni fata na sani. Je ka dubi uwarka inda ka mai da ta."

Bai dube ni ba. Ƙanensa ya duba, ya ce, "Shigar da matarka."

Mijina ya biyo ni yana cewa na kunyata shi gaban mutane. Na ce masa kunyar da ya ji ta wansa ce, ta uwarsa bai ji ba. Ya ce to ya zai yi, babba ya ce a ɗauka. Na ce da sai ya ce hannunsa na ciwo.

Ban daddara ba. Na juye kujera, na mai da ta inuwa, na fid da ruɓaɓɓen ciko, na ƙarar da ƙwarya biyu ta man shanu. Fata ta ƙi sha. Inda na matsa sai ta karye kamar ƙanzo. Rana ta bakwai Inna ta kira ni daga inda take jingine, ta ce, "Bar ta, ɗiyata. Kar ki ƙarar da hannunki." Ba ta ce wa 'ya'yanta komai ba, ko kalma. Wannan shirun ya fi ci mini rai. Na ɗinka mata matashi da fatar akuyar da na kawo, na cika da audugar rimi. Ciwon ya ɗan rage, amma matashi ba ya ɗaukar ƙugu da baya gaba ɗaya. Ta koma nishi a jikin bango, ta ajiye mazari.

Inna ta yi damina biyu a haka, Allah ya karɓi abinsa. Wan mijina ya rayu har haƙoransa sunka zube, ana girmama shi a gari, kuma har ya mutu yana cewa fatar alade ce. Mijina ya nemi gafarata shekaru bayan haka, yana kwance ciwon ajali. Na yafe masa don Allah, amma na gaya masa ban manta ba. Ubana da ya ji labari bai ƙara taka Kalgo ba. Katakon kujera matan gida sunka faskara sunka dafa wake da shi. Ni kuwa na zauna gidan shekara arba'in, na haifi iyayenku, kuma ban ƙara durƙusa wa wan mijina ba.