Baban Hana Zai Dawo?

Har yau ban manta da ranar Alhamis ɗin da wata ɗalibata ta tsayar da ni a ƙofar aji da tambaya guda ɗaya ba. Lokacin ina riƙe da aji biyar a wata firamare mai zaman kanta a unguwar Manawashi da ke Gombe, kuma ban daɗe da fara koyarwa ba.

Shugabar makarantarmu, Hajiya Asabe, ta ɓullo da wani tsari. Darasin ƙarshe na kowace Alhamis, malamin aji zai ɗauki wata ƙasa ya koya wa yara tarihinta. Ni aka ba ni Japan, alhali abin da na sani game da ita bai wuce motoci da babura ba. Na duƙufa karatu a waya har na fahimci zamanin da ƙasar take rarrabe a hannun manyan masu mulki, kowanne da gonakinsa da mayaƙansa da ake kira samurai. Da shinkafa ake biyan mayaƙan nan albashi, kuma babu abin da suke ɗauka da girma kamar riƙe amanar ubangidansu.

Makon farko na rubuta wannan a allo, yara suka kwafa, rabinsu suna gyangyaɗi. Sai na canza dabara. Na ƙirƙiri wata yarinya mai suna Hana, 'yar wani samurai, kowace Alhamis in ba su wani yanki na labarinta. Ta wurin Hana suka san gidan katako mai ƙofar takarda, da yadda manomi yake sunkuyawa idan mayaƙi zai wuce. Ajin ya farka. Yara maza har takubba suka yi da karan dawa da wani ya ɗauko daga gonarsu a Kwadon.

A tsakiyar zango na kai inda aka buga gangar yaƙi, baban Hana ya ɗaura takubbansa ya bi ubangidansa. A shirina, mako mai zuwa zai mutu a ƙofar ganuwa, don yara su ga abin da amana take nufi a wurin mutanen.

Aka tashi, kowa ya watse, sai Rifkatu ta tsaya. Yarinya ce marar yawan magana, iyayenta 'yan wajen Kaltungo ne.

"Malam, baban Hana zai dawo?"

Na yi dariya na ce ta jira Alhamis. Ita ba ta yi dariya ba. Tana wasa da igiyar jakarta ta gaya mini babanta soja ne, an tura su dajin Borno, kuma tun kafin a dawo hutu wayarsa ba ta shiga. Mamarta tana cewa rashin sabis ne, amma ita ta ga maman tana kuka a rumfarta a Kasuwar Gombe.

Ƙa'idarmu ita ce duk abin da ya shafi gidan ɗalibi sai an kai wa shugaba. Na same ta a ofis na zayyana mata komai. Ashe uwar ta riga ta sanar da ita. Na ce ina tunanin in gaya wa yarinyar babanta zai dawo, ko hankalinta ya kwanta.

Hajiya Asabe ta ce, "Malam Sani, kada ka yi mata alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Labarin ne a hannunka. Shi ma kada ka yi wa tarihi ƙarya."

Na koma karatu. Sai na tarar bayan shekarun yaƙe-yaƙen an yi dogon zaman lafiya a Japan, samurai da yawa suka koma aikin rubuce-rubuce a fadar iyayengijinsu, wasu suka zama malamai. Da Alhamis ta zo, na dawo da baban Hana gida. Ya iso yana ɗingishi, hannunsa ɗaya ba ya ɗagawa, abokansa da dama ba su dawo ba. Ya rataye takobi, ya tara yaran ƙauye yana koya musu rubutu da burushi. Mazan ajin suka yi ta ƙorafi, su faɗa suke so. Na nuna musu cewa haka rayuwar mayaƙa da yawa ta ƙare a can.

Rifkatu ta sake jira har kowa ya fita, ta tambaye ni ko saboda ita na canza. Na ce e, amma an yi mutane irin baban Hana da gaske. Sai ta ce:

"Gara da ka bar shi da ciwo, Malam. Da ka ce lafiya lau ya dawo, da ban yarda ba."

Ana gab da jarrabawa, wata rana da aka tashi, wani ramammen mutum cikin kayan gida ya yi sallama a ƙofar ajina, Rifkatu tana riƙe da gefen rigarsa. Babanta ke nan, Kofur Yohanna. An ba shi ɗan hutu. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce tun da ya sauka daga mota 'yarsa take matsa masa ya ajiye bindiga ya zo a ɗauke shi malami. Muka yi dariya, amma idanunsa sun kawo ruwa. Hutun yana ƙarewa ya koma bakin aikinsa, ita kuma ta ci gaba da zuwa makaranta tana jira.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan, abin da na koya ke nan. Yaro ba ya barin gidansu a ƙofar makaranta, da shi yake zama a kan benci. Ni ina ba da labarin wata ƙasa mai nisa, ita kuwa labarin babanta take saurare. Tun daga lokacin, kafin in kashe kowa a cikin labari, sai na fara duban fuskokin da ke gabana.