Mai Wushirya a Shafin Ƙarshe

Shekara talatin da ɗaya Mbah Sarju, wato Kaka Sarju, ya yi yana zane a jikin becak, kekunan nan masu ƙafa uku da ke jigilar mutane a birnin Semarang, kuma bai taɓa sa sunansa a ƙarƙashin zane ko ɗaya ba. Dutse mai hayaƙi, fadamar shinkafa, damisa mai gashin baki irin na ɗan sanda, duk ya zana. Masu keke su tuƙa su shiga rana da ruwan sama da su har fenti ya koɗe, su dawo ya sake musu. Da babura suka cika gari, becak suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya tattara gwangwanayensa ya komo ƙauyenmu, Tambak Wetan, inda teku ke shigo mana ɗaki ba sallama sau biyu a wata. Kullum cikin ƙara wa daɓe ciko muke, rufi kuwa yana nan inda kakanni suka bar shi, shi ya sa za ka ga ɗan garinmu yana tafiya a duƙe ko a filin ƙwallo ne.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Tarmi. Tana da shekara bakwai zazzaɓin nan na cizon sauro ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. Hotonta guda ne tak, wanda aka ɗauka a wani biki, yana cikin akwatin tufafi. Shekarar da ruwa ya kai ga akwatin, suka buɗe suka tarar da farar takarda mai santsi, babu kowa a jiki. Matarsa ba ta daɗe ba ta bi 'yarta. Shi dai ya ci gaba da rayuwa, don ba a tambaye shi ko yana so ba.

A bayan masallaci akwai wani ɗaki da Bu Warsini, tsohuwar malamar firamare, ta mayar wurin karatun yara. Littattafan duk kyauta ce daga mutanen birni, irin kyautar da mai ita ya gama moriyarta: wani babu bango, wani danshi ya manne shi, yawancinsu kuwa shafin ƙarshe ya tafi, don shi ne ke fara ɓallewa. Wata rana ta yi wa Mbah Sarju sallama riƙe da guda.

"Mbah, yara sun hana ni sakat. Ɓaunar nan da ta ɓace, ta dawo gida ko ba ta dawo ba? Ƙarshen labarin ya yage. Ka zana mana shi mana."

"Haba, Bu. Ni da ban iya komai ba sai gindin keke?"

"Ka daure dai."

"Ai ɓata miki littafi zan yi."

"Mbah, na roƙe ka don Allah."

"To, tunda kin matsa."

Haka ake yi a wajenmu, kuma kowa ya sani. Ko shayi aka ajiye maka, ba ka kai hannu sai an yi maka tayi sau uku, ko da maƙogwaronka na tsagewa. Aka yabi abinka ka ce tarkace ne. Na farko da na biyu ladabi ne, a na uku ake jin gaskiyar mutum. Wanda ya amsa tun a na farko, to ba a gida ya tashi ba.

Karatunsa ba shi da ƙarfi, don haka ita ta ba shi labarin da baki, suka yi shawara suka yanke cewa ɓauna ta dawo. Ya zauna kwana biyu da fentin kekensa da ɗan buroshin da ya yi da gashin akuya. Da ya gama, ga ɓauna a bakin garke, ga yarinya ta rungume wuyanta tana dariya. Yarinyar da ke sauran shafukan fara ce sol mai ƙaramin baki, amma wannan tana da wushirya, kunnenta ɗaya ya ɗan tashi, ga tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu. Bai yi niyya ba, hannunsa ne ya tafi can da kansa. Bu Warsini ta koyar da Tarmi a aji ɗaya. Ta daɗe tana duban zanen, sannan ta ɗauko zare da allura ta ɗinke shi a littafin. Washegari ta kawo masa wani.

Cikin shekara tara ya cike littafi arba'in da uku. Ko labarin babu yarinya a cikinsa, ko na kifi ne da kaguwa, za ka same ta a wani gefe, tana leƙe ta bayan ganyen ayaba ko tana zaune a ƙarshen kwalekwale. Yara suka mai da abin wasa, da an ɗauki littafi sai a fara ta baya, a nemo mai wushirya. Ba su san ko wace ce ba. Daga baya hannunsa ya soma rawa, farar yana ta sauko masa a ido ɗaya, ya gwada zana yarinyar ya ga wata baƙuwa ce ta fito, sai ya rufe gwangwanayen ya tura ƙarƙashin gado. Abin da ya rage masa shi ne ranar Juma'a. In an sauko masallaci ya zagaya baya, ya zauna a ɗan bencin yara gwiwoyinsa na kai masa ƙirji, ya buɗe guda biyu ko uku ya gaishe ta. A duk duniya nan ne kaɗai fuskarta ta saura.

Ruwa ya kai tagar gidan Bu Warsini, ɗanta ya zo ya tafi da ita tsibirin Kalimantan tana kuka. Hukuma ta turo wata a madadinta, Bu Rotua, mutuniyar Sumatra daga wajen tafkin Toba, inda in mutum ya ce e to e ɗin ce, kuma da ƙarfi zai faɗa. Ni ban ga laifinta ba, mace ce mai zuciyar aiki. Cikin wata shida ta sa aka ɗaga kantoci sama da inda ruwa ke kaiwa, ta yi ta rubuce-rubuce har aka yi alkawarin sababbin littattafai ɗari shida, da biki guda wanda marubuta da masu zane za su zo daga Jakarta su yini da yaranmu. Sai dai ɗakin bai fi tabarma huɗu ba. Dole tsofaffin su ba da wuri.

Ranar Litinin da hantsi Bu Rotua ta tsaya a ƙofar Mbah Sarju a kan babur, ko kashe shi ba ta yi ba.

"Mbah, an ce kai ka yi zanen da ke cikin tsofaffin nan. Wuri ya yi mana kaɗan, funfuna kuma ta ci rabinsu. Gaskiya nake so ka gaya min. In suna da muhimmanci a wajenka, in ware su."

Ya yi murmushi kamar yadda ya kamata. "Haba, Bu, ai tarkace ne. Wasan tsoho ne da ya rasa abin yi."

"Ka tabbata?"

"Me za a yi da su? Fentin keke ne fa."

Amsa ta uku tana nan a bakinsa ya riga ya shirya ta. Zai ce, to tunda kin matsa, a ɗan bar su ko don yara. Har ya ƙudura cewa in an ce guda kaɗai za a bari, na ɓauna zai zaɓa.

"Madalla, ka sauƙaƙa min," in ji Bu Rotua. Ta ja babur ta tafi tana fantsama ruwa.

Da la'asar ya je rumfar Yu Painem, mai suyar tempe, wainar waken soya, a bakin gada, wadda suka taso tare kuma bakinta bai taɓa sanin linzami ba. Ya ba ta labari yana wasa da hularsa.

"Kai dai an yi tsohon kawai," ta ce tana juya kasko. "Mutanen can ba su san na uku ba. Baƙo ko da idonsa ai makaho ne. Tashi ka bi ta yanzu."

"In ce mata me, Yu? Da bakina na ce tarkace ne."

"Ka ce mata ƙarya ka yi."

"Da furfurata?"

"Furfurar ta taɓa saya maka shinkafa? Ko ni in je?"

"A'a, kar ki je. Sai ta ce na aiko a yi min roƙo. Ai za ta dawo ta sake tambaya, mai hankali ce."

"Zauna nan kana jira, har teku ya zo ya tambaye ka."

Talata ya sa riga ya kai har bakin masallaci, ya ji muryarta a ciki tana ba da umarni, ya juyo. Laraba ruwa ya shigo, ya ce da kansa ba ranar fita ba ce. Alhamis ya yini yana jera kalmomin da zai faɗa yadda ba zai zama ya ci maganarsa ba. Juma'a da aka sauko ya zagaya baya, ya tarar da kantoci an shafa musu sabon fenti, ƙanshi na tashi, babu ko takarda ɗaya. Tun ranar Laraba mai sayen tsofaffin takardu ya zo da buhunansa ya auna ya kwashe. Bu Rotua ta gaishe shi da fara'a, ta tambaye shi ko fentin ya yi. Ya ce ya yi kyau ƙwarai, kuma wannan karon gaskiya ya faɗa.

Ya bi sawun mutumin har kasuwar gaba, a bayan motar kifi. Mutumin ya nuna masa wuƙar yanka da tarin takardu an datsa su gida huɗu-huɗu, an ɗaure da roba. Ya ce na Tambak Wetan sun haɗe da na makarantu uku, an riga an rarraba wa masu suya. Mbah Sarju ya yi masa godiya, har da ba shi haƙuri don ya tsayar da shi daga aiki.

Ranar biki aka kafa rumfa a kan gada, don nan ne ruwa ba ya kaiwa. Baƙi suka zo da takalma a hannu. Mutanen kirki ne, ban ƙi ba. Wata marubuciya ta karanta labari tana sauya murya har jarirai suka yi shiru, wani mai zane da dogon gashi ya zana giwa cikin ƙiftawar ido, aka yi ta tafi. Aka yi jawabi a kan masu rubutu da masu zane da masu tsaron littattafai, aka ce su ne fitilar yara, aka kira sunan kowa ya miƙe. An ajiye Mbah Sarju a kujerar gaba saboda shekarunsa. Da aka buɗe kwalaye, yara suka yi caa a kan sababbin littattafai, kowa ya juya nasa ya fara ta baya. Mai dogon gashi ya yi dariya ya ce su fara ta gaba mana. Wata yarinya ta ce masa mai wushirya suke nema. Ya duba, ya ce shi bai san ta ba. Ba a jima ba suka manta, don sababbin suna da launi mai sheƙi.

Sai aka fara rabon abin taɓawa. Ƙunshi ɗari uku Yu Painem ta yi tun asuba, ba ta da lokacin duba abin da take ƙunshewa da shi. Aka ɗora masa nasa a cinya, da zafinsa. Ya ɗan buɗe gefe don ya sha iska.

Ido ɗaya ne a jikin takardar, na hagu, da tawadar Allah a ƙarƙashinsa, da kunnen nan da ya tashi, da ɗan ƙahon ɓauna a sama. Wuƙa ta bi ta kan hanci, bakin da wushiryar suna cinyar wani ko suna cikin kwata. Mai ya riga ya jiƙa rabin kuncin, yana tafiya a hankali wajen idon. Ya so ya kwashe tempen ya zubar a ƙasa, amma yana kujerar gaba, ga baƙi, ga dagaci a gefensa. Sai ya riƙe ƙunshin da hannu biyu.

Bu Rotua ta zo ta durƙusa a gabansa, duk ta yi gumi, farin ciki ya cika ta.

"Ci mana, Mbah."

"Na gode, Bu, a ƙoshe nake."

"Ɗan taɓa dai, tun da zafinsa."

"Wallahi alhamdu lillahi."

Ta yi dariya ta dafa gwiwarsa. "Ba za ka tsere min ba yau. Matan garin nan sun zaunar da ni jiya sun koya min, sun ce a nan sai an yi wa mutum tayi sau uku. To ga na uku, Mbah. Don Allah ka ci."

Tunda an yi na uku, sai ya ci. Ya cinye duka tana kallonsa, ya ce ya yi daɗi. Da ta tashi ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya jira aka yi addu'ar tashi, ya yi wa kowa sallama. A hanya bai tsaya ba, don ruwa ya fara hawowa. Da ya isa gida ya warware ta a bakin taga, ya tarar mai ya kai ga idon.