Ranar da Muka Ɗauko Jatau a Al Warsan

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da wani abokina ɗan kasuwar Deira da ya kwana a gidana. Motarsa na roƙa, surutun kuwa kyauta ya haɗo mini. Tun daga unguwarmu ta Dubai Investments Park yake mita, wai mutum da hankalinsa da furfurarsa zai je ɗauko kare.

Hanya fayau, sai manyan motocin kaya da bas ɗin leburori, kowa da takunkumin korona yana gyangyaɗi a jikin gilashi. Mun tsaya a wani ɗan shago muka sha shayin karak na dirhami ɗai-ɗai, da burodin Indiyawa mai maiƙo da ƙwai. Shayin ya yi, amma bai kama ƙafar na bakin tashar garinmu ba.

A nan na ba abokina labarin da bai sani ba. Baba, Allah ya jiƙansa, manomi ne mai taɓa farauta, yana da wani jan kare, Jatau. A zaure yake kwana, ƙanzon tuwo yake ci, shi ke raka ni gona. Ina ɗan shekara tara muka yi ƙaura zuwa Kano, aka ce gidan haya ba ya ɗaukar kare. Jatau ya bi motar kayanmu da gudu har ya wuce gadar bayan gari, ni kuma ina kan katifa a saman kayan ina kallonsa yana ƙanƙancewa. Har yau abin yana ci mini rai.

To, makon jiya na ga hoton wani kare a waya, ja, siriri, sak Jatau. Mai shi ya rasa aiki lokacin korona, ya ɗaure shi a ƙofar gida ya hau jirgi. Wata bakwai yana gidan ajiye karnuka a unguwar Al Warsan, ba mai so, don ya fara tsufa.

Al Warsan duk rumbunan kaya ne da gidajen ma'aikata, wanki a kowace baranda. Haushi ne ya nuna mana wurin kafin taswirar waya. Nawa bai yi haushi ba, yana kwance ya zuba wa ƙofa ido. Na yi masa fito irin na Baba, ya ɗaga kunne ɗaya.

Ma'aikaciyar wurin, 'yar Filifin, tana cike takarda ta tambaye ni inda zai kwana. Na ce tsakar gida mana, a ina kare yake kwana? Da alfahari ma na faɗa, don ina da ɗan fili. Sai ta ajiye biro. Ta ce zafin garin nan kashe kare yake yi a waje, ba sa bayarwa sai ga mai sa shi a ɗaki. Ni kuwa sharaɗin matata ɗaya ne, ba zai taka inda muke sallah ba, kuma ni ma haka na taso.

Na fito waje. Zan sake barin wani ke nan.

Abokin nan mai mita ya dube ni ya ce, “Malam, sitonku na baya ba akwai na'urar sanyi ba? Yalla, maza kira Hajiya.”

Siton nan fa fadar matata ce. Nan take adana kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da ake kawo mata daga gida, ko ni sai da dalili nake leƙawa. Na koma ciki na kira ta ta bidiyo, na haska mata karen. Ta ƙura masa ido.

“Ai wannan Jatau ɗinka ne,” in ji ta. “Khalas, shi ke nan, ku taho, zan kwashe kayan.”

Ta zagaya da wayarta a cikin siton, ma'aikaciyar ta gani, ta ɗauki bironta.

Abokina ya shimfiɗa kwali a kujerar baya, yana rantsuwar sai ya wanke motar sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na ce ƙasa dai ba ta yi tsada a Dubai ba.

Kafin azahar muka iso gida. Ni da na girma ba fanka, yau karena ke kwana a sanyi cikin ƙamshin daddawa, da Baba yana raye da ya yi dariya har da hawaye. Tafiyar ta nuna mini cewa shekara talatin da wani abu ban sauko daga kan katifar nan ba. Da muka tsaya a ƙofa na leƙa madubi, na duba titi. Ba abin da ke bin mu da gudu. Yana kujerar baya, barci yake yi.