Injiniya da Rediyon Motar Likita

Injiniya ba sunan yanka ba ne, kuma ba makaranta ce ta ba shi ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa mai fenti ya rubuta a jikin rumfarsa da ke bakin titi, kusa da ta mai faci. Shekara talatin yana gyaran wayarin mota, kuma a talatin ɗin nan babu wanda ya taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa. In fiyus ya ƙone, ya naɗa masa zaren waya ya mayar. In jar fitila ta kama a gaban direba, ya zare ƙwan ya ce an gama. Littafin da ke zuwa da mota kuwa, a wurinsa abin fifita ne in zafi ya yi. Ya raina motocin zamani, ya raina masu su, ya fi raina duk mai yi masa tambaya.

A sahun waɗanda ya raina, mijin 'yarsa ne a gaba. Direba ne, mai sanyin hali, ya shekara zaune ba aiki, sai mako uku da suka wuce wani likita ya ɗauke shi. Sharaɗi ɗaya likitan ya kafa masa: kada kowa ya taɓa motar sai garejin kamfani. Da batir ya fara kasala aka ba shi sabo a kwali, aka ce ya kai can a ɗaura. Tsautsayi ya sa hanyar ta bi ta gaban rumfar, ya tsaya gaida suruki.

Injiniya ya leƙa kujerar baya ya ce, "Ina za ka da wannan?"

"Kamfani, Baba. Su za su ɗaura."

"Batir? Ina nan da raina za ka kai wa yaran da suka koyi aiki a takarda? Buɗe bonet."

Direban ya buɗe, don bai san yadda ake ce wa uban matarsa a'a ba.

Gaskiya hannun Injiniya ya iya sifana. Minti biyar ya gama, mota ta tashi. Rediyo ne ya yi shiru, allonsa ya nuna layi huɗu. Irin wanda aka yi wa makulli ne saboda ɓarayi: da wuta ta yanke masa ba ya sake magana sai an danna lambar sirri, kuma a kuskure na goma yake kullewa gaba ɗaya. Lambar tana jikin wani kati a wurin likita.

"Baba, a bar shi haka, in na koma sai in karɓi katin."

"Kati? Rediyo nawa na buɗe ba kati?"

Ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba. Amma mai faci da mai fenti sun riga sun matso suna kallo, shi kuwa Injiniya gara a zare masa haƙori da a gan shi ya janye hannu. Ya baje a kujerar likita da wandonsa mai baƙin mai, ya danna sifili huɗu. Ya danna ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya fita ya karanto lambar motar, ya danna ta, ya juya ta ta baya ya sake. Ya gwada shekarar da aka ƙera motar. Kowane kuskure allon na ƙirgawa, shi kuma yana tsaki kamar rediyon ne dakiki.

A na takwas direban ya rusuna a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. "Baba, saura biyu. Aikina ne, don Allah."

"Kai za ka ƙirga mini? Ko rarrafe ba ka fara ba na kama wannan sana'a."

Na tara ya tafi a banza. Nan Injiniya ya san bai sani ba, ya kuma san abin da zai biyo baya. Ya saci kallon mai faci, ya ga yana murmushi. Sai ya danna ƙarshen lambar wayarsa, shi kansa, sai ka ce kamfanin da shi suka yi shawara.

Allon ya ɗauke, bai sake kamawa ba.

"Dama jabu ne," in ji Injiniya, yana goge hannu a jikin sitiyari. "Ka ce wa likitan naka ya sayi na ƙwarai."

Likitan ba mai hayaniya ba ne. Kamfani suka faɗa masa sau goma aka yi wa rediyon caca, ya ga baƙin mai a kujera, ya karɓi makullinsa ya ce wa direban ya gode.

Bayan kwana huɗu 'yar ta zo rumfar da goyo a bayanta. Ta gaishe shi, ta yi ƙasa da murya ta tambaya ko cikin masu kawo masa gyara akwai mai neman direba. Injiniya na tsugune yana fere waya da haƙori, bai ko ɗago ba. Ya tofar da robar, ya ɗaga murya yadda mai faci zai ji.

"Tun farko na faɗa miki yaron nan ba ya riƙe aiki."